Yero da Habbanayen Takarda

Duk wanda ya san tashar motar Dogon Dutsi kafin a zuba wa babbar hanya kwalta, ya san Yero. Dogon Bafillace ne siriri, kafaɗarsa ɗaya ta ɗan sauka, yana zama a kan wata tsohuwar taya kusa da masu goro. Ba ya sayar da komai. In mota ta tsaya ya tashi ya taya sauke buhuna, in an ba shi ya karɓa, in ba a ba shi ba ya koma ya zauna. A wuyansa akwai wata jakar fata mai faɗi, ta fi laya girma. Baƙi suna zaton maganin ƙarfe ne. Mutanen gari sun san abin da ke ciki, shi ya sa ba sa tambaya.

Ba a tasha aka haife shi ba. A ruga aka haife shi, yamma da Kiyeshe, a cikin kwarin nan da ruwa ba shi da nisa da ƙasa. Ubansa Buba ya taɓa wayar gari ba shi da ko kofato, shekarar da annoba ta share shanu. Wani maƙwabcinsa ya jawo karsana ya ɗaure masa a ƙofar bukka, ya juya ya tafi. Fulani suna kiran wannan habbanaye. Ka ba ɗan'uwanka saniya ta zauna wurinsa har ta haihu sau uku. Ƴaƴan nasa ne, nonon nasa ne, uwar kuma ta dawo gida. Ba a rubutawa, ba a kiran shaida, wanda aka ba ba ya tambayar sharaɗi, wanda ya bayar ba ya zuwa dubiya. Daga wannan karsana garken Buba ya tashi. Yero ya girma yana jin labarinta kamar labarin kakarsa.

Maƙwabcin nan yana da ɗa, Jatau, sa'an Yero. Tare suka yi kiwo, tare suka sha bulalar sharo. Da ciwon huhu ya rage wa Jatau shanu, Yero bai jira an yi masa magana ba. Ya zaɓi wata karsana da suke kira Saye, wadda ta fito daga tsatson waccan ta farko, ya kai masa. Dattawan ruga suka ce ɗan Buba ya san gida.

To, shi Yero mutum ne mai kallon nesa. Sau biyu ya yi korar shanun fatake zuwa kudu, wata biyu a ƙasa, ƙafa ta tsage, shanu su rame kafin su isa. A can ya ga motoci suna cinye tafiyar kwana goma tsakanin hantsi da la'asar. Bayan an sami mulkin kai kuwa, sai ya fara ganin baƙar fata irinsa a gaban mota, ba a bayanta ba. Abin ya zauna masa a rai. Mai hura wutar kuma shi ne Illo, wani Ba'are, wato ɗan ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi, tsohon soja da ya koyi tuƙi a rundunar Faransa. Tsakanin Ba'are da Bafillace akwai wasan taubasai, don haka Illo yana faɗa masa abin da wani ba zai faɗa ba.

"Bawana," in ji Illo, "har yaushe za ka bi bayan dabba kana shaƙar kashinta? Akwai wani Nasara a Dosso zai koma ƙasarsu, shina saida bashe. Saniya ce mai ƙafa huɗu, ba ta cin ciyawa, kuma kullum tatsa."

"Ba'are da ya ga nono sai ya manta sallama," in ji Yero. "Kai dai tuƙi kake so."

"Awo, tuƙi nake so. Kai kuma mi kake so?"

Bashe mota ce ƙarama ta kaya, mai rufin tamfol a baya. Yero ya je Dosso ya gan ta, ya zagaya ta sau uku kamar yadda ake zagaya bijimi. Da aka faɗi kuɗinta, ya ga garkensa duka bai kai ba, sai in ya haɗa da shanun da ya bayar habbanaye. Uku ne a hannun mutum uku. Biyu sun cika haihuwa. Saye kuwa maraƙi ɗaya ta yi wa Jatau, tana ɗauke da ciki na biyu.

Yero ya sami Jatau da safe a wurin tatsa. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har aka tambayi lafiyar jakuna. Sannan Yero ya dubi ƙasa ya faɗi abin da ya kawo shi. Jatau ya gama tatsar da yake yi, ya miƙa wa matarsa ƙwarya, ya je ya kwanto Saye da kansa. Ya kwanto maraƙin shi ma.

"Maraƙin naka ne, Jatau."

"Bai isa yaye ba. Tahi da shi."

"Zan maido maka da wadda ta fi ta, in mota ta fara aiki."

"Allah shi sa albarka," in ji Jatau, ya koma ya tsuguna ƙarƙashin wata saniya.

Ba wanda ya zagi Yero a ruga. Da zagi ne da ya fi sauƙi. Sai dai daga ranar, in ya zo zaman dattawa, ana matsa masa wuri da yawa fiye da yadda mutum ɗaya yake buƙata.

Ya kwashe matarsa Kaltume da ƴarsu Umma suka koma Dogon Dutsi, ɗaki biyu a bayan kasuwa. Motar kuwa ta yi aiki. Ranar kasuwar Ɗan Kassari ta kai mutane, ranar ta Tibiri ta ɗauko gero, da kaka ta yi jigilar gyaɗa. Illo yana tuƙi, Yero yana gefensa da sandarsa ta kiwo a tsakanin gwiwoyi, don bai taɓa iya fita ba ita ba. Ya sayi rawani, ya saya wa Kaltume tasoshi. In mota ta kwana, yakan fito da asuba ya ɗora tafinsa a kan bakinta, wai yana jin ko da zazzaɓi.

Ana cikin haka doka ta fito daga Yamai, cewa kowace mota sai ta yi asirans. Jandarmomi suka tare su a shingen shiga gari, suka ba su wata ɗaya. Yero bai san mene ne ba, sai ya nufi Rabo, wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ke zama gaban gidan waya yana rubuta wa mutane wasiƙu.

"Kana ba wani kamfani kuɗi kowace shekara," in ji Rabo. "In ba abin da ya faru, sun ci. In hatsari ya faru, su biya."

Fuskar Yero ta washe. "Ashe habbanaye ce. Ni in ba su, su ci ƴaƴa da nono. Ranar da na faɗi su tashe ni."

Rabo ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Da kama, amma ba ita ba ce. Takardun ga iri-iri ne, Yero. Akwai mayafin da ka rufe kai da ƙafa, akwai wanda ka rufe kai kaɗai. Masu saidawa ma ba ɗaya ba ne. Ka zagaya ka ji bakin kowa. Kuma duk inda ka je, ka tambaye su wa za a biya."

Ya zagaya kuwa, ba za a ce bai zagaya ba. Ya fara da Yamai, wani babban biro, wato ofis, mai fanka a sama. Ya yi sallama, Nasaran da ke bayan tebur bai ɗago ba. Tafinta ya tambayi shekarun mota, da abin da take ɗauka, da ko ta taɓa faɗuwa. Aka fita aka leƙa ƙarƙashinta, aka buga tayoyi. Sannan aka rubuta masa kuɗi iri biyu a ƴar takarda, na sama jikka tamanin, na ƙasa talatin. Jikka tamanin a lokacin bijimai shida ne. Ba a ce masa ya zauna ba, ba a ba shi ruwa ba.

"Wanda bai amsa sallamarka kana tsaye ba," ya ce wa Illo a hanya, "zai amsa kana kwance?"

Na biyu a Dosso ne, wani ɗan kasuwa mai saida kayan mota da ke wakiltar wani kamfanin. Shi ya amsa sallama, ya ce jikka ashirin da takwas. Amma ya cika magana. Ya ce in mota ta kife kaza, in ta kama wuta kaza, in ta take mutum ya mutu kaza, in ya karye kawai kaza. Yana lissafa masifu da yatsu kamar mai kiran su da suna. Yero ya tofa addu'a ya tashi tun mutumin bai kai yatsa na biyar ba. Abin da ke yatsa na biyar ɗin, Allah ne ya sani. Wataƙila shi ne abin da ya kamata ya ji.

Na ukun shi ya zo da ƙafarsa. Issa sunansa, saurayi mai fara'a da jakar hannu, yana bin kasuwanni a madadin wani kamfani na Yamai. Uwarsa Bafillata ce, don haka da ya ga Yero sai ya durƙusa ya gaishe shi da Fulatanci, ya kira shi Baffa. Ya bi shi gida, ya zauna a tabarma, ya sha furar Kaltume har ya kankare ƙwarya. Ya tambayi asalin rugarsu, ya san sunan wani kawun Yero. Sai da aka yi la'asar sannan ya buɗe jaka, ya ce jikka ashirin da biyu.

"Ɗana," in ji Yero, "ni ban san karatu ba. Abin ga kamar habbanaye ne, ko?"

"Kusan haka ne, Baffa."

"In wani abu ya faru, Allah shi kiyaye?"

"Kamfani zai biya, Baffa. Ba a kai ka gaban alƙali ba, ba a kama maka mota ba."

Issa bai yi ƙarya ba. Tambayar Rabo ta zo har bakin Yero, ya ji ɗacinta, ya haɗiye. Mutum ya zauna a tabarmarka, ya sha furarka, ya kira ka Baffa, sannan ka dube shi ka ce wa za a biya? Ubansa Buba bai buɗe bakin karsanar nan ya duba haƙoranta ba. Yero ya dangwala yatsa a inda aka nuna masa.

Da Rabo ya ji kuɗin, sai ya ce, "Araha ba ta ado. Kawo takardar in karanta maka, ba ni son ko dala."

"In kai takardar mutum a bincika bayan idonshi? Ban gada ba."

"To," in ji Rabo. Ya mayar da tabaransa ya ci gaba da wasiƙar da yake rubutawa.

Kaltume ce kaɗai ta ƙara magana, ita ma sau ɗaya. Tana kallonsa yana saka takardar cikin jakar da ya sa baduku ya ɗinka mata.

"Maigida, saniyar habbanaye ana ganinta, ana jin kukanta. Wagga ina take kwana?"

"A Yamai."

"Wa ya san ka a Yamai?"

"Issa ya san ni."

Ta ɗauki tsintsiya ta fita tsakar gida.

Shekarar farko da Yero ya biya, ya haɗa wa Issa da kwalbar man shanu. Shekara ta biyun ya haɗa masa da rago, don an yi wa Issa haihuwa. Da ya biya ta uku sai ya ji wani sanyi a ransa. Haihuwa uku ke nan, ya cika nasa. Ya fara maganar cewa bayan gyaɗar bana zai sayi karsana biyu, ɗaya ta Jatau. Ya faɗa wa Illo, ya faɗa wa Kaltume. Jatau ne bai faɗa wa ba, don tun ranar Saye bai taka ruga ba. Yana jira ya je da igiya a hannu.

Ranar wata Talata ce, da hantsi, sun ɗauko gyaɗa buhu goma sha huɗu daga wajen Tibiri. Kusa da Kiyeshe akwai inda burtalin shanu ya ratsa hanya, bayan wata gangara. An gama girbi, garkuna suna sauka gonaki cin karmami. Suna ɓullowa daga kan tudu sai ga shanu sun cika hanya. Illo ya taka birki, motar da nauyinta ta ci gaba da sulalewa a kan birji. Ya riƙe sitiyari ya miƙe ta, don ya san a irin wannan gara a bugi dabba da a karkata. Yero kuwa ba sitiyari yake kallo ba. Tsagen kunnen shanun ya gani. Ya san wuƙar da ta yi shi.

"Kar ka taɓa su!" Ya kai hannu ya fizgi sitiyarin.

Motar ta bugi saniya ɗaya duk da haka, ta hau gefen hanya, ta juya sau biyu, ta kwanta a cikin kwazazzabo da ƙafafunta a sama. Gyaɗa ta watsu. Illo ya karye a cinya. Yero ya fito ta taga da kafaɗa a goce. Abin da ya fara yi shi ne ya rarrafa wurin saniyar, ya ce a kawo wuƙa kafin ta yi mushe. Wanda ya miƙo masa wuƙar Jatau ne. Shekara huɗu rabonsu da juna.

"Sannu, ɗan Buba," in ji Jatau. "Rai ya tsira?"

"Ya tsira. Kar ka damu da saniyarka. Akwai takarda."

Jatau ya dubi jakar da ke wuyansa, ya dubi motar, ya tafi neman amalanke da za a ɗauki Illo.

Jandarmomi suka zo suka auna hanya suka yi rubutu. Makanike ya zo daga Dosso, ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya ce injin ya tsage, ƙashin bayanta ya karye, sai dai a cire tayoyi. Yero bai girgiza ba. Mutane suka yi ta mamakin haƙurinsa. Yakan je asibiti da fura ya zauna gefen Illo.

"Bawana, kai ka kashe mu," in ji Illo. "An ce maka sitiyari ƙahon saniya ne?"

"Ba'are ya samu gado da abinci kyauta, shina ƙorafi. Ka warke dai. Sabuwa za su ba mu, ko wadda ta kusa sabuwa."

"Wa ya ce?"

"Shekara uku na ba su."

Illo ya juya fuska wajen bango. Ya yi soja, ya ga takardu da yawa.

Ranar kasuwa Issa ya zo. Ya yi jaje ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa. Ya karɓi takardar jandarma, ya tambayi sunan mai saniya da inda yake. Yero ya jira Issa ya tambayi motar. Bai tambaya ba. Kaltume ta kawo fura, Issa ya ce yana azumi. Da zai tafi ya ce, yana kallon jakarsa, gara Baffa ya je Yamai da kansa, manya ne suke yanke irin wannan.

Ya je, a bayan motar wani, a kan buhunan albasa. A biron kamfanin ya sami wani magatakarda mai furfura, Umaru, mai jin Hausa. Shi ya ba shi kujera. Ya buɗe jakar, ya warware takardar, ya karanta a hankali yana bin layi da yatsa.

"Malam Yero, ba a taɓa karanta maka wannan ba?"

"Ban nema ba."

"Takardarka lafiya lau take, ba ta mutu ba. Amma irinta, in motarka ta yi wa wani ɓarna, mu biya shi. Mai saniya za a biya shi, in ya kawo kuka ya sa hannu."

"Madalla. Motar fa?"

"Ba ta ciki."

"Direba?"

"Shi ma ba ya ciki. Naka ne."

"To ni ina nake a ciki?"

Umaru ya juyo da takardar ya nuna masa wani wuri a ƙasa, inda shatin babban yatsansa yake, shuɗi, ya ɗan koɗe.

"Akwai mai haɗawa da mota," ya ce. "Ita ce mai tsada. A ko'ina ka je, ƙaramar ta wasu ce, babbar ce taka."

Yero ya tuna da ƴar takardar Nasaran nan mai kuɗi biyu, na sama da na ƙasa. Ya tuna da yatsun mutumin Dosso.

"Shekara uku na ba ku," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ban zo dubiya ba ko sau ɗaya. Ko uwar ku maido mani."

Umaru bai gane wace uwa ba. Ya ce kowace shekara tana cinye kuɗinta, ba abin da ke ajiye. Ya naɗe takardar yadda take, ya mayar masa cikin jakar, ya raka shi har ƙofa. Mutumin kirki ne. Yero ya sha faɗin haka daga baya.

Da ya dawo bai ce wa Kaltume komai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta ga yadda ya jingine sandarsa. Washegari ta ɗauki tasoshinta biyu ta kai kasuwa. Bayan wata ɗaya ta fara sayen nono a hannun matan ruga tana dama fura a bakin tasha. Matan da ta girma tare da su ne suke auna mata da ludayi. Suna yi mata gyara mai yawa, ita kuma tana yin kamar ba ta gani ba.

Jatau ya ƙi sa hannu da farko. Ya ce bai taɓa kai ƙarar mutum ba, ba zai fara da ɗan Buba ba. Sai da Rabo ya hau jaki ya je har ruga ya bayyana masa cewa ba daga jikin Yero za a cire ba, in ya bari ma kamfani ne ya ci. Sannan Jatau ya dangwala. Bayan wata bakwai aka kira shi gidan waya aka ba shi jikka goma sha biyu. A duk abin da Yero ya zuba cikin shekara uku, wannan ne kaɗai ya dawo ƙasar Arewa.

Illo ya tashi da ɗingishi, tuƙi ya ƙare masa, ya koma gyaran fitilu a kasuwa. Shi ne ya kawo saƙon, wata rana da yamma, ya sami Yero a kan tayar nan, wadda ita kaɗai ya rage daga motar bai sayar ba.

"Bawana, na ga Jatau a kasuwar shanu. Ya sayi karsana da kuɗin nan, ja ce, mai farin goshi. Ya ce in gaya maka, dangwalin Buba na wurinshi. Ranar da kunka tashi ya tsince shi a kufai."

Dangwali igiya ce doguwa da ake ɗaure maruƙa a jere. Ba a barin na uba a kufai.

"Mi kuma ya ce?"

"Ya ce karsanar ba ta saba da garkenshi ba, tana neman mai ita. Ka ji Fulani da zagaye-zagaye. Ba ka ita ya yi, tashi ka ɗauko."

Yero ya daɗe yana murza igiyar jakar da ke wuyansa.

"Ka ce mashi ina tahe."

"Yaushe?"

"In kafaɗa ta yi sauƙi."

Kafaɗar ta yi sauƙin da za ta yi. Kaltume ta wanke masa riga ta ajiye a kan gado, ba ta ce don me ba. Wata safiya ya saka, ya ɗauki sanda, ya kama hanyar Kiyeshe a ƙasa. Masu itace sun gan shi. Ya kai har gangaren nan. Gawar motar tana nan a kwazazzabo, an cire duk abin da ke ciruwa, awaki suna shan inuwa a cikinta. Daga wurin ana hango bukkokin ruga, ana jin kukan maruƙa. Sun ce ya zauna a kan ƙarfen tun hantsi har rana ta karkata. Wanda ya karɓe saniya da ciki daga hannun mutum, da wace ƙafa zai shiga ya jawo wata? Da an zage shi a lokacin, da yanzu ya sami abin da zai ce a yafe masa. Ya tashi ya kakkaɓe riga ya juyo gari.

Jatau ya ƙara aikowa sau biyu. Karsanar ta haihu, ya aiko a faɗa masa mace ce. Ta sake haihuwa, ya aiko. Yero yakan ce madalla, yana tafe. Sannan ruwa ya fara ƙaranci, damina biyu a jere ba ta kai ba, rijiyoyin kwari suka yi ƙasa. Mutanen rugar suka kwashe abin da ya rage suka yi kudu. Wasu sun ce sun tsallaka iyaka. Ba a sake kawo saƙo ba.

Issa ya sami ƙarin girma, ya daina bin kasuwanni. Motoci suka yi yawa a Dogon Dutsi, masu saida asirans ma suka yi yawa. Wani lokaci sabon mai mota yakan tsaya wurin masu goro yana tambayar wane kamfani ya fi sauƙi, sai wani ya nuna masa Yero da haɓa, ya ce ga wanda ya zagaya su duka. In an tambaye shi yakan faɗi kuɗin kowanne, na Yamai da na Dosso da na Issa, bai manta ko ɗaya ba, ko da yake kuɗin sun daɗe da canzawa. Daga nan sai ya ce a je wurin Rabo. Bayan Rabo ya rasu ma haka yake cewa.

Umma ta yi aure a Tibiri. Ranar da za a kai ta, ba a sami saniyar da uba yake ba ƴarsa ba, sai aka kai ta da tasa ɗaya da ta rage wa uwarta.

Ranar kasuwa ce kawai ba a samun Yero a kan tayarsa da safe. Hanyar da ake koro shanu zuwa kasuwar dabbobi ta bayan tasha take bi. In ya ji ƙarar kofato daga nesa sai ya tashi ya zagaya bayan rumfar makanikai, ya tsaya yana fuskantar katanga har su wuce. Mai goron da ke kusa ya ce ya taɓa bin sa da ruwa, yana zaton ba shi da lafiya. Ya same shi a tsaye, sanda a kan kafaɗu, hannuwa a rataye a kanta, yana wannan ɗan sautin da makiyaya suke yi da harshe in suna kiran garke gida. A hankali yake yi, yadda ba saniyar da za ta ji.